An ce autanmu ya rasa kuromosom na 7, shin dashen ɓargo zai yi masa amfani?

Abban Hanif: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah masu ilimin abin su yi mini bayani da Hausar da zan iya kai wa mahaifiyarmu. Autanmu shekararsa 24. Wata biyu ke nan da aka tabbatar yana da sankarar jini, irin wadda likitoci ke kira AML. An yi masa zagayen farko na kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, ya sha wuya ƙwarai, amma da aka sake zuƙo ɓargonsa aka duba sai aka ce cutar ta lafa. Har mun fara murna. Jiya sai ga sakamakon wani awo da aka aika ƙasar waje tun kafin a fara magani. Likitan ya duba ya yi jim, ya ce mu fara shirin dashen ɓargo. Abin da ke jikin takardar shi ne 45,XY,-7[17]/46,XY[3]. To in cutar ta lafa, me ya kawo maganar dashe? In kuma an yi, warkewa ce ko jan kwana? Gonar gado ake maganar sayarwa, ba na son mu yi kitso da ƙwarƙwata.

Ummu Aisha: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Sani Mai Awo: Amin. Yaya, bari in karanta maka takardar, don aikina ke nan, shawarar magani kuma likitoci za su zo. Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana ɗauke da kuromosom 46, an jera su biyu-biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, an sa musu lamba daga 1 zuwa 22, sai na ƙarshe masu nuna jinsi, XX mace, XY namiji. A cikinsu ne aka rubuta umarnin da ƙwayar ke bi. A ɗakin awo ana renon ƙwayoyin ɓargon har su fara rabuwa, sai a tsayar da su a ƙirga, galibi ƙwaya 20 ake dubawa. A na autanku, 17 daga cikin 20 suna da 45 maimakon 46, kuma wanda ya ɓace ɗaya ne daga cikin masu lamba 7. Sauran ukun lafiyarsu lau. Waɗancan 17 ɗin su ne ƙwayoyin cutar. Wato ba haka aka haife shi ba, a cikin ɓargon ne abin ya auku daga baya.

Baban Zahra: Ɗan'uwa, ka yi a hankali da maganar dashen nan. Matata shekara 9 ke nan tana da sankarar jini, ita ma an ce kuromosom ɗinta ya samu matsala. Ƙwayar magani ɗaya take sha kullum, tana zuwa kasuwa, tana aikinta. Ba wanda ya taɓa yi mana maganar dashe. Ka nemi likita na biyu kafin ku taɓa gona.

Dakta Hauwa: Baban Zahra, Allah ya ƙara wa uwargida lafiya. Glivec take sha ko?

Baban Zahra: Shi ne, Dakta. A Ile-Ife muka fara karɓa.

Dakta Hauwa: Na yi zato. To nata CML ne, nasa AML ne, sunan ne kawai ya yi kama. Amma labarinku ya yi mini hanyar shiga bayani, don da cutarta aka fara gane cewa kuromosom na da hannu a sankara. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani ɗan guntun kuromosom a jinin masu CML, aka sa masa sunan garin da suke aiki, Philadelphia. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Chicago ta nuna cewa guntun bai ɓata ba, musaya aka yi: 9 da 22 ne suka karye suka yi canjin gutsure. A teburin cin abincin gidanta take yanka hotunan tana jerawa. Wannan musayar ke haifar da wani sinadari da ke ta ingiza ƙwayar jini ta hayayyafa ba tsayawa. Da aka san sinadarin sai aka ƙera maganin da ke toshe shi, imatinib, wato Glivec ɗin nan, wanda Amurka ta amince da shi a 2001. Kafin nan masu CML su ne kan gaba a layin dashe. Yau sai wanda magungunan suka ƙi karɓarsa.

A AML kuwa sakamakon kuromosom na daga cikin manyan abubuwan da muke raba marasa lafiya da su gida uku. Akwai masu sauƙi, kamar musaya tsakanin 8 da 21, ko juyewar wani yanki na 16. Waɗannan kemo na cin su sosai, ba a yi musu dashe a lafawar farko, ana ajiye shi ne ko da cutar za ta dawo. Akwai ma musayar 15 da 17, wadda ake magancewa da wani dangin bitamin A haɗe da asanik, aikin da likitocin ƙasar Sin suka faro. In an tsallake hatsarin zubar jini na kwanakin farko, fiye da kashi 90 cikin 100 na masu sauƙin nau'in suna warkewa ba dashe. Akwai na tsakiya. Sai masu tsanani: rashin 5 ko guntulewar dogon hannunsa (kowane kuromosom na da hannu biyu, dogo da gajere), rashin 7, lalacewar gajeren hannun 17, juyewar 3, musayar 6 da 9, ko a tarar da ɓarna iri uku ko fiye a ƙwaya ɗaya.

Abban Hanif, ba zan ɓoye maka ba, na autanku yana gida na uku. Lafawa na nufin an duba ɓargon an ga ƙwayoyin cutar sun yi ƙasa da kashi 5 cikin 100, jini kuma ya farfaɗo. Ba ta nufin sun ƙare. Kamar gonar da aka nome ce amma saiwar ƙiri-ƙiri na ƙasa. A masu rashin 7, in aka tsaya a kemo kaɗai, mafi yawa cutar dawowa take yi. Ƙa'idar ƙwararrun Turai ita ce, in hatsarin dawowar ya haura kashi 35 zuwa 40, a duba dashe tun a lafawar farko. Likitanku bai kauce hanya ba.

Baban Zahra: To Dakta, na janye. Ashe kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ɗan Kantin Kwari: Ni dai tambayata ɗaya. In kemo mai ƙarfi bai kashe ta ba, ɓargon wani ne zai kashe ta? Ko dai asibitocin waje ne ke neman dalarmu?

Dakta Hauwa: Tambayar ta yi ma'ana, Alhaji. Abu biyu ke aiki. Na farko, ana ba da magani mai ƙarfin da zai share ɓargon gaba ɗaya, abin da ba za a iya yi ba in babu wanda za a mayar. Na biyun shi ne ya fi muhimmanci: ɓargon da aka dasa yana zuwa da garkuwar jikin mai bayarwa. Sabbin sojojin suna ganin ragowar ƙwayoyin cutar a matsayin baƙi, sai su yi ta farautarsu wata da watanni. Kemo ba ya wannan aikin.

Dakta Bashir: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga aikin dare na ga muhawarar. Anti Hauwa, duk abin da kika faɗa haka yake, amma akwai rabin maganar da nake tsoron iyali ba sa ji. Kuromosom ɗin da ya sa ake buƙatar dashe shi ne kuma ke rage amfanin dashen. Ba ya gogewa don an canza ɓargo. Ka ɗauki mutum biyu, shekaru ɗaya, mai bayarwa iri ɗaya, ɗaya na gidan tsakiya ɗaya na gidan tsanani, na biyun ya fi fuskantar dawowar cutar bayan dashe, kuma sau da yawa a shekarar farko ko ta biyu. Sannan su sojojin da kika ambata ba sa bambance ƙwayar cuta da fata ko hanji ko hanta. In suka juya kan mara lafiya, akwai wanda gudawa da ƙuraje da ciwon shawara ke kaiwa lahira alhali sankarar ba ta dawo ba. Na ga iyalai sun sayar da komai saboda an ce musu "dashe shi ne waraka", ba a ce musu dama ce ba.

Dakta Hauwa: Bashir, ban ce waraka ba, duba sama. Kuma kada mu zuba gidan tsanani duka a buhu ɗaya. Rashin 7 shi kaɗai daban yake da rashin 7 tare da rashin wani kuromosom ɗin ko tare da karaya a wani wuri. Wannan na biyun likitocin Holan ne suka ware shi a 2008 suka nuna ya fi muni. Takardar yaron nan -7 ce kawai, ba ƙari. Ga ƙuruciya, ga shi ya lafa da zagaye ɗaya. In ba a yi wa irinsa dashe ba, wa za a yi wa?

Dakta Bashir: Idon awon ƙirga ba ya ganin komai ai. An duba TP53?

Abban Hanif: Dakta, mene ne kuma wannan? Babu shi a takardar da ke hannuna.

Dakta Bashir: Wani umarni ne da ke zaune a gajeren hannun kuromosom na 17. Aikinsa gadi. In ƙwaya ta lalace, shi ne ke ce mata ta tsaya a gyara, in ba ta gyaruwa ta mutu. To kemo da hasken da ake gasawa da shi lalata ƙwayar cuta suke yi, su bar wa maigadin nan ya ƙarasa ta. In babu shi, ka lalata ƙwayar amma ba mai ce mata ta mutu, sai ta ci gaba da haihuwa da ɓarnarta. Shi ya sa yawancin masu tarin ɓarna a kuromosom in ka bincika za ka tarar TP53 ɗinsu ya lalace. A irin waɗannan, ko an yi dashe mafi yawa cutar na dawowa da wuri, tun kafin sabuwar garkuwar ta kafu. Akwai masu tsira, amma 'yan kaɗan ne, kuma har yau ƙwararru na jayayya kan wa ya kamata a yi wa a cikinsu. Ni in ɗan'uwana ne, ba zan sa hannu a takardar sayar da gona ba sai na ga wannan sakamakon.

Dakta Hauwa: A nan mun haɗu. In rashin 7 ne kaɗai, ba kasafai ake samun TP53 a lalace ba, amma gani ya kori ji, a duba.

Sani Mai Awo: Matsala ɗaya a nan. Tunda cutar ta lafa, ɓargon da za a zuƙo yanzu ƙila ba zai nuna komai ba, don ƙwayoyin da ake nema sun yi ƙaranci. Yaya, ka tambayi ɗakin awon da suka yi na farko ko sun ajiye ragowar samfurin. Da shi za a iya yin FISH, wato awon da ake sa wa wani yanki na kuromosom fenti mai haske a ƙirga shi kai tsaye, da kuma awon karanta umarnin ɗaya bayan ɗaya. Kuma ku gode wa likitanku da ya aika samfurin kafin kemo. Na sha ganin an fara magani tukuna, sai bayan cutar ta lafa a tuna da awon kuromosom, sakamako ya fito 46 cif, iyali su ɗauka gidan tsakiya suke alhali shaidar ce aka wanke.

Maman Walid: Akwai wani mai magani a garinmu, yana haɗa ganyen gwanda da zuma da habbatus sauda, mutane da yawa sun dace. In kana so in turo maka lambarsa ta akwati.

Shugaban Zaure: Maman Walid, mun san da kyakkyawar niyya kika yi, amma dokar zaure ta hana tallan magani. Yaron da garkuwarsa ke ƙasa bayan kemo ko ɗanyen ganye ana hana shi ci. A ci gaba.

Ummu Aisha: Dakta, ku gafarce ni. Auren zumunci na kawo wannan? Mu gidanmu duk 'yan'uwa ake aura, hankalina ya tashi.

Dakta Hauwa: Kwantar da hankalinki. Ba kamar sikila ba ce da ake gadonta daga iyaye biyu. Kamar yadda Sani ya ce, ɓarnar a ƙwayoyin ɓargo take, ba ta cikin abin da mutum ke ba 'ya'yansa. Mafi yawa ba a san abin da ya jawo ta ba. Abubuwan da aka tabbatar sun haɗa da sinadarin benzin da ke cikin fetur da hayaƙin taba, da kuma kemo ko gashin da aka taɓa yi wa mutum don wata sankarar, wanda bayan shekaru kan fito da rashin 5 ko 7.

Amma tambayarki ta tuna mini abin da ya kamata in faɗa tun farko. Matashi mai rashin 7, ana so a tabbatar babu wani rauni na gado a ƙarƙashi, kamar lalacewar wani umarni mai suna GATA2 ko cutar Fanconi. Ba su da yawa, amma suna da muhimmanci don dalili biyu. Mai Fanconi ba ya jure maganin share ɓargo na yau da kullum, dole a rage masa. Sannan in ɗan'uwa ne zai bayar, yana iya ɗauke da raunin bai sani ba, a dasa ɓargon da shi ma zai lalace. Abban Hanif, tun yana yaro yana yawan kamuwa da cututtuka? Yawan tsiro a fata, kumburin ƙafa, raunin ji? Akwai wanda ya taɓa ciwon jini a dangi?

Abban Hanif: A'a Dakta, ƙwallo ma yake bugawa har lokacin da ya fara kasala. A dangi ma ban san kowa ba, amma zan tambayi Hajiya. Mu bakwai ne uwa ɗaya uba ɗaya. An ce a cikinmu za a nema.

Dakta Bashir: Kun yi arzikin 'yan'uwa. Alamomin da ake gwadawa, HLA, suna kan kuromosom na 6, kuma a dunƙule ake gadonsu, ɗauri ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Don haka kowane shaƙiƙi yana da damar ɗaya cikin huɗu ya dace cif. Rumbunan masu bayarwa na duniya ba su cika amfanar baƙar fata ba, don mu ƙalilan ne a rajistar. In ba a samu cikakke ba, yanzu ana yi da mai rabin dacewa, uwa ko uba ko ɗan'uwa, ta hanyar da asibitin Johns Hopkins ya fito da ita, a ba da wani maganin kemo mai suna saikulofosfamaid a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe. Wani abin mamaki, an gano cewa a wasu da cutar ta dawo musu bayan irin wannan dashen, ƙwayoyin sankarar sun yar da ɓangaren kuromosom na 6 da sabbin sojojin ke gane su da shi. Cutar nan da wayo take.

Hajiya Ladi: Sannunku da ƙoƙari likitoci. Maigidana an yi masa dashe a Indiya, amma nasa da ɓargonsa aka yi, ba a nemi na kowa ba. Me ya sa ba za a yi wa yaron nan haka ba, a huta da neman wanda ya dace?

Dakta Hauwa: Hajiya, ina jin mayeloma ce, wata sankarar ɓargo ta daban, ke damun Alhaji?

Hajiya Ladi: Ita ce. Ciwon baya ya fara da shi, muka yi ta maganin sanyi.

Dakta Hauwa: A mayeloma haka ake yi. Ana ɗibar ƙwayoyin mutum a ajiye, a ba shi maganin kemo mai suna melfalan da yawa, a mayar masa da abinsa. Manufar ita ce a tsawaita lafawa. Babu baƙin sojoji a ciki, shi ya sa hatsarinsa ya fi sauƙi, shi ya sa kuma ba zai wadatar wa mai rashin 7 ba. A can ma kuromosom na magana: guntulewar 17, musayar 4 da 14, musayar 14 da 16, ƙaruwar dogon hannun 1, duk suna sa cutar ta yi saurin dawowa, har wasu cibiyoyin kan yi dashe biyu a jere ko su ƙarfafa maganin da ake ci gaba da sha. Ki duba takardun Alhaji, in an yi FISH za ki ga an rubuta.

Ɗan Kantin Kwari: A Najeriya ba a yi ne sai an fita?

Dakta Bashir: An yi na farko a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, ƙarƙashin Farfesa Nosakhare Bazuaye, wa wani yaro mai sikila. Ƙwarewar da aka fi tarawa a gida ta sikila ce. Ni abin da ya fi damuna ma shi ne bayan an dawo. Watannin farko ana bukatar auna yawan maganin danne garkuwa a jini a kai a kai, a riƙa neman ƙwayar cutar bairos mai suna CMV tun kafin ta yi ɓarna, in za a ƙara jini a samu wanda aka haska. Abban Hanif, kuɗin da aka faɗa muku na kwana nawa ne? Ku tambaya a rubuce. Ku tambaye su mutum nawa masu rashin 7 suka yi wa, nawa ke raye bayan shekara biyu, nawa dashen kansa ya kashe. Cibiyar da ta ba ka adadin masu sikila ko na masu cuta mai sauƙi a madadin wannan, ka sake tunani.

Dakta Hauwa: Ka ƙara da awon ragowar cuta kafin dashe, wanda ke iya gano ƙwaya ɗaya cikin dubbai. Wanda ya shiga ba a ga komai ba ya fi wanda ya shiga da ragowa samun nasara, ko da kuromosom ɗinsu ɗaya ne. Sai dai Bashir, kada tambayoyinmu su zaunar da su. Lafawar mai rashin 7 ba ta jira. In ta dawo, sake kwantar da ita ya fi na farko wuya, kuma dashe a kan cutar da ke tsaye ba ya kai wanda aka yi tana kwance. A ci gaba da kemo na ƙarfafawa a kan lokacinsa, a ɗebi jinin 'yan'uwa a makon nan, a nemi samfurin farko, duka a tare.

Dakta Bashir: Na yarda, Anti. Abin da ban yarda ba shi ne a yanke hukunci a bayan idon yaron. Shekararsa 24, jikinsa ne. A gaya masa har da maganar haihuwa, don maganin share ɓargo kan hana ta, kuma ana iya ajiye maniyyi in akwai hali, ko da yake kemon da ya riga ya sha na iya rage ingancinsa.

Abban Hanif: Wallahi wannan ba mu yi ba. Hajiya ce ta hana a faɗa masa sakamakon, wai kada ya karaya. Zan zauna da ita yau da daddare.

Abban Hanif: Jama'a, na dawo bayan kwana 12. Ɗakin awon sun ce akwai ragowar samfurin, an yi FISH, hannun 17 na nan lafiya. Na TP53 ɗin da na GATA2 sai nan da mako biyu. An gwada mu shida, ƙanwarmu mai bi mini ce ta dace cif, sai dai tana shayarwa, likita ya ce za su tattauna. Shi kuma mun gaya masa komai. Ya yi shiru, sannan ya tambaya wai in aka sa masa ɓargon mace jininsa zai koma na mace?

Sani Mai Awo: Ka ce masa ƙwarai kuwa. In dashen ya kama, awon jininsa zai nuna 46,XX, rukunin jininsa ma zai koma nata in sun bambanta, amma gemunsa na nan ba abin da zai taɓa shi. Da wannan XX ɗin ma za mu riƙa bibiya, ranar da XY ya fara ƙaruwa a ɓargon mun san akwai magana.

Dakta Hauwa: Alhamdulillahi. Maganar shayarwa ba ta hana bayarwa, yawanci ana sa a dakata na 'yan kwanakin da ake allurar tayar da ƙwayoyin, ku bar wa cibiyar ta tsara. Ita ma kada a ɗebi nata sai sakamakon GATA2 ɗinsa ya fito. Yaushe zai shiga zagaye na biyu?

Abban Hanif: Ranar Litinin, in Allah ya kai mu. Gonar kuma mun ce wa dillali ya dakata har mako biyun su cika.